Kafin Mu Tsauta wa Mashayi

'Yan'uwa cikin Ubangiji, sa'ad da mashayi ya shigo ekklesiya, mukan yi saurin tsauta masa. Amma akwai tambayar da ta kamata mu fara yi: me ya same shi?

Daga 1995 zuwa 1997, likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, suka bincika mutane fiye da 17,000 a birnin San Diego ta ƙasar Amurka. Suka tambaye su wahalar da suka sha suna yara: duka, zagi, lalata da su, ganin ana dukan uwarsu, zama gida ɗaya da mashayi. A 1998 suka ba da labari. Wanda ya sha iri 4 ko fiye na wahalolin nan, haɗarinsa na zama mashayin giya ko ƙwaya, na baƙin ciki mai tsanani, ko na neman kashe kansa, ya ninka na wanda bai sha ko ɗaya ba sau 4 zuwa 12. Ashe sau da yawa kwalba magani ce da mutum ya nemo wa tsohon miki, amma magani mai kisa.

Domin wannan, asibitoci da yawa suka sake hali. Suna fara kwantar wa mai ciwo da rai, ya san ba mai cutarsa. Suna gaya masa abin da za a yi kafin a taɓa shi. Suna ba shi zaɓi. Ba su tilasta masa ya faɗi abin da ya same shi, gama tonon miki kafin lokaci yakan ƙara ciwo.

Mu tuna da annabi Iliya cikin 1 Sarakuna sura 19. Ya gudu daga Yezebel, ya kwanta a jeji yana roƙon mutuwa. Ba a tsauta masa ba. Sau biyu mala'ika ya ba shi abinci da ruwa, ya kuwa sami barci. Sai bayan kwana 40, a Horeb, aka tambaye shi abin da ya kawo shi.

Shaye-shaye yana rushe gida, ba mu musu. Amma cikinmu akwai marayu, da waɗanda suka tsere daga garuruwan da aka ƙone. Kada mu kunyata su gaban jama'a. Kada mu sa mai ciwon hankali a mari. Asirin da aka faɗa wa dattijo ya tsaya wurin dattijo. Mu yi addu'a tare da su, mu kuma raka su wurin likita.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji. Amin.