Nasiha Ga Malamai Masu Gyaran Takardun Lissafi

 

Ya ku ƴan'uwa malamai na lakkwal da na madarasa, daga Dogon Dutsi da Matankari har Tibiri da Kore Mai Ruwa, ku sani duk wanda aka aza wa takardun jarrabawar BEPC a gabansa, aka ba shi jan biro, to an naɗa shi alƙali ko bai sani ba. Shaihu Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a shekarar 1328, ya ambata cewa Sahabbai suna lissafa mai tantance rubutun yara a cikin masu hukunci. In haka ne ga kyawun rubutu, ina ga takardar da za ta buɗe wa ɗan talaka ƙofar lise ko ta mayar da shi gida?

Mudun wannan alƙalanci shi ne ƙa'idar rabon maki, wadda kuke kira barem. Mai awon gero a kasuwar Dutsi, in ya riƙe tiya biyu, babba ta saye da ƙarama ta sayarwa, kowa ya san Suratul Muɗaffifina da shi take. Haka malamin da ke cika mudu da safe yana cikin nishaɗi, ya tauye shi bayan azahar don zafi da gajiya sun kama shi.

Ga misali. An ce gona mai tsawon mita 120 da faɗin mita 75, a nemo girmanta, sannan a juya shi zuwa eka ta Faransa, wato hekta. Barem ya raba maki huɗu: biyu ga hanya, ɗaya ga sakamakon ninkawa, ɗaya ga juyawa. Yaro ya rubuta 120 sau 75, hannunsa ya zame ya samu 8000 maimakon 9000, ya juya ya ce hekta 0,8. Malami mai gaggawa zai dubi amsar ƙarshe, ya ga ba 0,9 ba ce, ya shata sifiri. Wannan zalunci ne, domin yaron ya san hanya, kuma juyawarsa daidai take bisa lambar da ke hannunsa. In barem ya yarda a bi yaro da lambarsa, makinsa uku ne. Kuskure ɗaya ba a yi masa bulala biyu. A jarrabawar da ake neman 10 bisa 20, kuma ake ninka makin lissafi, waɗannan ukun suna iya zama tsakanin ci da faɗuwa.

Wani yaron kuma ya zo ta hanyar da barem bai ambata ba: ya ɗauki kashi uku cikin huɗu na 120, ya samu 90, ya ninka da 100. Amsarsa 9000, hanyarsa ingantacciya. Kada girman kai ya hana ka kai takardar ga shugaban kwamiti, a yanke magana ɗaya wadda za ta hau kan kowa. Wanda ya rubuta amsa tsura babu aiki, ba shi abin da barem ya ce kawai. Zargin sata kuwa ba a gina hukunci a kansa sai da shaida.

Akwai kuma tausayin da ba a wurinsa ba. Ana rufe sunaye, amma malami yakan gane rubutun ɗan ƙanensa ko ɗan mai gidan da yake haya. Aya ta 135 ta Suratun Nisa'i ta toshe wannan ƙofa, domin ta wajabta tsayuwa da adalci ko a kan iyaye da dangi. Makin da ka ƙara wa naka, daga rabon wani maraya na Gesheme ka ɗebo shi. Ka miƙa takardar ga abokin aikinka ya gyara, ya fi maka kuɓuta.

Wasu ƴan'uwa suna ganin lissafi karatun Nasara ne, don haka sakaci a cikinsa ba laifi. Su tuna Alkhawarizmi ya wallafa littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma babban yanki na littafin a kan wasiyya da rabon gado yake. Yaron da kuke gyara wa takarda yau, wataƙila shi za a kira gobe ya fitar da tumunin takaba da sudusin uwa a garinku.

In kun gama, ku sake tara makin kowace takarda sau biyu kafin ku sa hannu, musamman na ƙarshen tari. Allah ne Mafi sani.