Rawanin Soro: Doka, Majinyaci da Mai Jinya

Karatu: Maimaitawar Shari'a 22:8, Luka 10:25-37

Akwai wata tambaya da masu bi sukan yi idan aka kawo zancen doka a harkar asibiti. Sukan ce, tun da Ubangiji ya umarce mu da ƙaunar maƙwabci, me ya kawo kotu da tara da kurkuku tsakanin marar lafiya da mai yi masa magani? Ana tilasta wa mutum ya yi jinƙai? Tambayar tana da nauyi, gama ba doka ce ta sa bayin Allah suka gina asibitoci a Vom, da Wusasa, da Garkida, da Galmi ta ƙasar Nijar ba. Ƙaunar Almasihu ce ta kai su can, ita ce kuma ta riƙe su a kan aikin.

Duk da haka, Allah mai umartar ƙauna shi ne kuma ya ba da doka. A cikin Maimaitawar Shari'a ya umarci duk wanda ya gina sabon gida ya yi wa soronsa rawani, domin kada wani ya faɗo, alhakin jininsa ya hau kan gidan. Idan ka taɓa kwana a kan soro lokacin bazara, ka san amfanin rawani. Maigida yana ƙaunar 'ya'yansa ƙwarai, amma barci yakan ɗauke shi, yaro kuwa yakan mirgina cikin dare. Rawani yana nan a tsaye ko maigida yana farke ko yana barci. Haka doka take a asibiti. Allah ya san zuciyarmu: mukan gaji, mukan ji tsoro, mukan dubi aljihun mutum kafin mu dubi fuskarsa. Doka tana tsare rai a ranar da ƙaunarmu ta yi gyangyaɗi.

Ka tuna da mutumin nan da 'yan fashi suka auka wa a hanyar Urushalima zuwa Yariko. Sun tuɓe shi, sun bar shi tsakanin rai da mutuwa. Ba shi da kuɗi, ba shi da shaida, ba shi ma da bakin faɗin sunansa. Shekaru da yawa a Nijeriya, irin wannan mutum yakan zubar da jininsa a ƙofar asibiti ana jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami. Ma'aikata da dama ba don mugunta suka juya baya ba. Suna tsoro ne kada a ce sun ɓoye ɗan fashi. Mai taimako ma yakan yi tsoron ɗaukar wanda aka harba, don kada a mai da shi abin tuhuma.

Saboda haka aka gina rawani. Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014, ta ce a sashe na 20 ba a yarda ma'aikacin lafiya ko asibiti su ƙi ba mutum taimakon gaggawa ba, ko da wane dalili. Wanda ya saɓa, hukuncinsa tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyu. A 2017 kuma aka kafa dokar kula da waɗanda aka harba da bindiga. Ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi wanda aka harba nan take, ko da takardar 'yan sanda ko babu, ko da kuɗi ko babu, sa'an nan ya sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara magani. Ta kuma ce a mutunta wanda ya kawo majinyacin, kada a wahalshe shi da tambayoyin cin fuska. Wato har Basamariye mai tausayi doka ta tsare.

Haƙƙin majinyaci bai ƙare a ƙofar asibiti ba. Doka ta ba shi ikon a gaya masa abin da ke damunsa, da hanyoyin maganin da ake da su, da haɗarin kowace. A 2001 Kotun Ƙoli ta Nijeriya, cikin shari'ar wani likita mai suna Okonkwo, ta tabbatar cewa baligi mai cikakken hankali yana da ikon karɓar magani ko ƙinsa. Ko da kana ganin zaɓin majinyaci kuskure ne, ka lura da tushen maganar: jikin da ke kan gado na mutum ne wanda aka halitta cikin kamannin Allah, talauci ko rashin karatu ba su rage masa wannan daraja ba. Ubangiji Yesu da kansa, da ya tarar da makaho Bartimawas a bakin hanya, sai da ya tambaye shi abin da yake so kafin ya warkar da shi. Kai miji, ka yi tunani a kan wannan. Matarka da ke naƙuda mutum ce cikakkiya a gaban Allah da gaban doka. Idan likita ya ce sai an yi tiyata, ita ma ta yarda, kada ka tsaya jiran taron dangi har lokaci ya ƙure.

Akwai kuma haƙƙin rufin asiri, kuma a nan ne mu 'yan ikkilisiya mukan yi tuntuɓe. Sashe na 26 na dokar nan ta 2014 ya ce labarin lafiyar mutum da jinyarsa amana ce. Amma sau nawa ciwon 'yar'uwa yakan fita daga ɗakin gwaji ya isa taron zumuntar mata da sunan roƙon addu'a? Mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau da aka tona yakan rasa aiki, ya rasa aure, ya rasa wurin zama a sujada, ko da yake akwai dokar da ta hana a nuna masa bambanci tun 2014. Allah ya san sunan cutar tun kafin ka buɗe baki. Kana iya yi wa ɗan'uwa addu'a da dukan zuciya ba tare da ka faɗa wa jama'a abin da shi bai ba ka izini ba.

Yanzu sai mu juya ga wanda muka cika mantawa da shi a cikin misalin, wato mai masauki. Basamariyen ya kwana ɗaya ya wuce, amma mai masauki ne ya zauna da raunukan, yana wankewa yana ɗaurewa. Ka lura, Basamariyen bai jibge masa marar lafiya ya ce Allah zai biya shi ba. Ya ba shi dinari biyu, wato ladan ƙwadago na kwana biyu, ya kuma ɗauki alkawarin cika abin da ya ƙaru idan ya komo. Jinƙan da ya nuna wa mai rauni bai zama zalunci ga mai jinya ba.

Mu da muke arewacin Nijeriya mun san abin da aikin jinya yake ci. A 1969, a asibitin mishan na garin Lassa, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Laura Wine ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san irinsa ba. Aka kawo ta asibitin mishan na Jos, ta rasu a can. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, ita ma ta kamu ta rasu. A 1970 likita Jeanette Troup ta yanke a hannu sa'ad da take binciken gawar wani da cutar ta kashe, ita ma ta bi su. Daga sunan garin nan ne aka sa wa cutar suna zazzaɓin Lassa, kuma har yau takan ɗauki ran likitoci da ma'aikatan jinya. Wanda yake taɓa jininka da amanka yana sa ransa ne a tafin hannu.

Shi ya sa sashe na 21 na dokar ya ɗora wa kowane asibiti nauyin kāre ma'aikatansa daga rauni da kamuwa da cuta. Safar hannu, takunkumi, ruwa da sabulu, da wurin zubar da allurar da aka yi amfani da ita haƙƙi ne na ma'aikaci. Sashen ya kuma ba shi ikon janye hannu daga majinyacin da ya zage shi, ko ya doke shi, ko ya neme shi da lalata, sai dai idan mai taɓin hankali ne, sa'an nan ya kai rahoto ga hukuma. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muna kuka da nas mai tsawa, gaskiya ne kuwa akwai su. Amma akwai dangin da sukan ɗaga wa nas hannu idan rai ya yi halinsa, alhali ita kaɗai ce a ɗakin tun daren jiya, ba wuta, ba jini, albashinta kuma bai fito ba. Littafin Firistoci ya hana a kwana da ladan ma'aikaci a hannu. Asibitin ikkilisiya da yake riƙe albashi yana cewa aikin Ubangiji ne, ya kamata ya ji tsoron wannan umarni fiye da kowa.

Wataƙila ka ce, doka a takarda take, ƙaramin asibiti kuwa idan ya yi ta karɓar marasa kuɗi zai rufe. Ka faɗi gaskiya. Masu dokar ma sun hango haka, shi ya sa suka kafa asusun kiwon lafiya na matakin farko, wanda za a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kashi 5 cikin 100 na asusun kuma domin taimakon gaggawa. Wajibi ne mu riƙa tambayar shugabanni ina wannan kuɗi ya shiga. Haka nan idan yajin aiki ya rufe asibiti, kada ka ɗora laifin duka a kan likita. Ka tambayi wanda ya karya alkawari. Kai kuma ma'aikaci mai bi, ka nemi haƙƙinka ba da kunya ba, amma ka roƙi Allah hikima don kada mai naƙuda da mai zubar jini su biya bashin da ba su ci ba. Ungozomomin Ibraniyawa a Masar, Shifra da Fu'a, sun ji tsoron Allah fiye da Fir'auna, suka bar jarirai da rai, Allah kuwa bai manta da su ba.

Sai dai rawani ba ya renon yaro. Babu kotun da ta gurfanar da firist da Balawen da suka ratse ta wancan gefen hanya, amma har yau ana tunawa da su da kunya. Doka tana iya buɗe ƙofar asibiti, ba ta iya sa taushi a murya, ko ta sa dangi su ce wa mai shara sannu da aiki. Wannan sashe namu ne, mu da muka sha jinƙan Mai Ceto.

To, ga abin da za ka iya yi. Ka san haƙƙinka, ka kuma koya wa wanda bai iya karatu ba. Idan an zalunce ka, ka kai ƙara ga shugabannin asibiti ko ga majalisar da ke lura da aikin likitoci da ta ma'aikatan jinya, ka bar zagi da duka. Ka biya kuɗin asibiti idan ka sami hali, domin mai zuwa bayanka ya tarar da magani. Ka shawarci dattawan ikkilisiyarku su ware asusun marasa lafiya, dinari biyun da za a miƙa wa mai masauki da tsakar dare. Idan kuwa kai ne mai farin kaya, ka riƙa tunawa cewa Ubangiji ya lasafta abin da aka yi wa marar lafiya kamar shi aka yi wa.

Addu'a: Ya Ubangiji Allah, Mai warkarwa, ka dubi waɗanda suke kwance a asibiti da waɗanda suke tsaye a kansu dare da rana. Ka ba shugabanninmu tsoronka, su cika dokar da suka kafa. Ka tsare bakinmu daga tona asirin ɗan'uwa, hannunmu kuma daga zaluntar mai yi mana hidima. Ka ba mu zuciyar da ba za ta ratse ta bar mai rauni a hanya ba. A cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.