ZAFI YA TAFI, AMMA BA A WARKE BA TUKUNA

Karatu: Ibraniyawa 12:11-13; Galatiyawa 6:1,2

Mu Hausawa mun san darajar gwiwa tun zamanin kakanninmu. In mutum ya sami mai goya masa baya mukan ce ya sami ƙarfin gwiwa, in kuwa labari marar daɗi ya iske shi mukan ce gwiwarsa ta yi sanyi. Wanda ya rubuta wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa shi ma da gwiwa ya yi misali, sa'ad da ya gargaɗi masu bi da suka gaji da shan tsanani. Ya ce musu su tallafi gaɓoɓin da suka raunana, su kuma gyara hanyar da za a taka, domin ƙafar da take ɗingishi ta sami warkewa maimakon ta ƙarasa lalacewa. A watannin nan Ubangiji ya buɗe mana wannan aya ta wurin ciwon wani ɗan'uwa, shi ya sa muka ga ya kamata mu rubuto muku.

Da yawa cikin 'yan ekklesiyarmu a Kano suna cin abinci ne daga ma'aikatun Bompai, da Sharaɗa, da Challawa. Bompai ce ta fari, tun kafin a sami 'yancin kai a 1960 aka soma aiki a cikinta, daga baya Sharaɗa da Challawa suka biyo. A can ake jimar fata, ana yin robobi, da lemon kwalba, da man girki. Ma'aikatu da yawa sun rufe saboda ƙarancin wutar lantarki da tsadar kayan aiki, don haka wanda ya sami gurbi yakan riƙe shi da hannu biyu. Waɗansu ma leburori ne da ake biya kullum, ranar da ba su fita ba, ranar babu tuwo a gida.

Ɗan'uwan nan namu ɗaya ne daga cikinsu, mai mata da 'ya'ya huɗu. Wata rana suna lodin ɗaurin fata a mota, da suka gama sai ya diro daga bisa. Ƙafarsa ta dama ta kafe a cikin wani rami, jikinsa kuwa ya juya. Ya ce ya ji ƙara a cikin gwiwar kamar igiyar guga ta tsinke. Kafin magariba gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya. Aka kai shi wurin maɗori, aka ce targaɗe ne, aka ja, aka ɗaure. Aka yi hoton ƙashi, ba a ga karaya ba. Bayan 'yan makonni kumburi ya saɓe, zafi ya tafi, sai ya yi godiya ya koma aiki. Amma ran da ya ɗauki kaya ya juya, gwiwar ta zame a ƙarƙashinsa, ya faɗi. Sai da ya faɗi sau biyu kafin ya yarda aka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959.

Ga abin da muka koya a can. Allah ya ɗaure ƙashin cinya da ƙashin ƙauri da manyan jijiyoyi huɗu. Biyu suna gefe da gefe, biyu kuwa suna can tsakiyar gwiwa, sun gitta wa juna, har likitoci suka ba su suna daga kalmar Latin mai ma'anar gicciye. Ta gaba a cikin biyun nan ita take hana ƙauri ya zame gaba, ita ce kuma ta tsinke wa ɗan'uwanmu. Hoton ƙashi ba ya nuna ta, sai likita ya gwada gwiwar da hannunsa, ko a shiga na'urar da ake kira MRI. Jijiyar gefe ta wajen ciki takan haɗe da kanta in an tallafe ta makonni kaɗan, amma ta tsakiya ba safai take haɗewa ba, gama jinin da yake kai mata kaɗan ne. Ba kowa ne yake bukatar tiyata ba. Wanda aikinsa na zama ne yana iya ƙarfafa naman cinyarsa ya zauna lafiya. Amma mai ɗaukar kaya, da mai wasan ƙwallo, wanda gwiwarsa take yawan zamewa, kowace faɗuwa tana iya yage gurunguntsin da yake tsakanin ƙasusuwa, ciwo ya zama biyu.

In za a yi aikin, ba ɗinke tsohuwar jijiya ake yi ba. Likita yakan yanko wata daga jikin mutumin, ko daga ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, ko daga bayan cinya, ya huda ƙashin sama da na ƙasa, ya zura ta, ya kafe ta. Aikin kansa na sa'a ɗaya ko biyu ne. Warkewa kuwa wata 9 zuwa 12 ce kafin a koma gudu da juyi da kaya masu nauyi. Daga cikin wannan muna so mu ɗauki koyarwa uku.

Na fari, akwai ciwon da ba ya warkewa da ɗori.

Ba mu raina maɗora ba, Allah ya taimaki mutane da yawa ta hannunsu. Amma abin da ya tsinke a ciki, ɗaurin waje ba ya kai gare shi. Haka zuciyar ɗan Adam take. Mutum yana iya zuwa sujada kowace Lahadi, ya ba da baiko, ya raira waƙa da murya mai daɗi, duk wanda ya dube shi ba zai ga karaya ba. Amma ran da jaraba ta ɗora masa nauyi, wajen kuɗin da aka ba shi amana, ko matar maƙwabci, ko kwalbar da ya ce ya bari, sai gwiwa ta zame. Ya tashi ya kakkaɓe ƙura ya ce tuntuɓe ne. Ɗan'uwa, in kana faɗuwa a wuri ɗaya kullum, ba tuntuɓe ba ne, wani abu ya tsinke. Ta bakin annabi Ezekiyel, a sura 36, Allah ya yi alkawarin ba da sabuwar zuciya, bai yi alkawarin yi wa tsohuwar faci ba. A nan kuwa misalinmu ya kasa, gama likita daga jikin majinyaci yake yanko abin gyara, amma mu ba mu da wani sashe mai lafiya da za a yanko. Daga jikin Wani aka ɗauka, shi wanda aka huda a bisa gicciye sabili da mu.

Na biyu, lokacin da ya fi hatsari shi ne sa'ad da zafi ya tafi.

Wannan ita ce maganar da ta fi ba mu mamaki. Mu da muna tsammani sabuwar jijiya tana ƙara ƙarfi kowace rana tun daga ranar aiki. Ashe ba haka ba ne. Tun da an raba ta da jininta, sai ta fara raunana tukuna, wajen mako na 6 zuwa na 12, kafin sababbin hanyoyin jini su shige ta, jiki ya riƙa sāke gina ta a hankali har shekara guda ko fiye. To, daidai lokacin nan ne mutum ya ajiye sanda, kumburi ya sauka, yana tafiya kamar kowa, yana ji a ransa ya warke. Maƙwabta suna cewa, ai ga shi garau, me yake jira? Mai gidan haya yana ƙwanƙwasa ƙofa. Abokan aiki suna aiko masa cewa za a ba wani gurbinsa. Jiki yana cewa tafi, jijiya kuwa ba ta shirya ba. Wanda ya saurari jiki a wannan lokaci yana iya tsinke ta, wahalar da aka sha da kuɗin da aka kashe su tafi a banza. Sauri ya haifi nawa.

Samarinmu masu son ƙwallo sun san Virgil van Dijk na Liverpool a Ingila. Wannan jijiya ta tsinke masa a watan Oktoba 2020, bai sāke buga wasan gasa ba sai watan Agusta 2021. In mutumin da yake da ƙwararrun likitoci a kansa dare da rana ya jira wata 10, ina ga wanda zai koma ɗaukar fata a Challawa?

Haka yake ga wanda ya faɗi cikin zunubi ya tuba. Gafara tasa ce tun ranar da ya zo wurin Ubangiji da gaskiya, ba a rage masa kome ba, kamar yadda aikin likita yake ƙarewa rana ɗaya. Amma ƙarfi ba ya komowa rana ɗaya. Sa'ad da hawaye suka bushe, kunya ta ragu, mutane suka daina magana, a nan Shaiɗan yakan raɗa masa cewa yanzu yana iya zama da tsofaffin abokai ba abin da zai same shi. Mu dattawa ma mukan yi kuskuren nan. Don muna ƙaunar mutum, ko don muna bukatar mai riƙe ma'aji ko mai bi da waƙa, sai mu mayar masa da kaya mai nauyi tun jijiya tana ɗanya. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti a kan gaggawar ɗora wa mutum hannu. Horon ekklesiya ba fushi ba ne, jinya ce. Amma jinya tana da ranar sallama, kada mu bar ɗan'uwa a bencin baya shekara da shekaru har ya manta shi ɗa ne.

Kada kuwa wani ya ɗauka jira yana nufin kwanciya. Tun kwanakin fari bayan aiki, masu gashin ƙashi sukan sa majinyaci ya miƙe gwiwar sarai, ya matse naman cinya, ya lanƙwasa kaɗan kaɗan, ko da yana jin zafi. Cinyar da ba a motsa ba takan rame cikin 'yan makonni, gwiwar da ba a miƙe ba takan sandare. Mun ga ɗan'uwanmu yana ɗaga ƙafa sau goma, ya huta, ya sāke, safe da rana da yamma, gumi yana zuba. Ba wanda ya tafa masa. Karatun Littafi Mai Tsarki kowace safiya, da addu'a, da zuwa taron tsakiyar mako, da biyan bashin da aka ci, su ne irin wannan motsi. Aya ta 11 ta karatunmu ta yarda cewa horo ba shi da daɗi a lokacinsa, amfaninsa sai daga baya.

Na uku, gwiwa ba ta warkewa ita kaɗai.

Muddin ƙafa ɗaya tana jinya, ɗayar ce take ɗaukar nauyi, hannuwa suna riƙe sanda, ido yana duba hanya. Bulus ya rubuta wa Afisawa da Kolosiyawa cewa ekklesiya jiki ce wadda gaɓoɓi da jijiyoyi suke haɗa ta, Kristi ne kanta. To, ina amfanin mu ce wa lebura ya yi haƙuri wata 9, in ba mu tambaya ba me 'ya'yansa za su ci? Yunwa ce take mayar da mutane bakin aiki kafin lokaci, ba taurin kai ba. A wurinmu Zumuntar Mata suka riƙa kai hatsi da kayan miya, Zumuntar Maza suka ɗauki kuɗin haya, wani mai a-daidaita-sahu yana kai shi gashi ba ya karɓar kome. Ba mu faɗi wannan don yabon kai ba, gama mun makara. Da mun kula tun faɗuwar fari, da bai yi ta biyu ba.

Akwai kuma hakkin da ya kamata ku sani. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce wanda ya ji ciwo a bakin aiki yana da hakkin magani da diyya ta hannun hukumar NSITF, mai ma'aikata ne kuma yake zuba kuɗin, ba ma'aikaci ba. Sai dai a sanar da shugabannin wurin aiki cikin kwana 14. Ku da kuka iya karatu, ku taimaki waɗanda ba su iya ba, a rubuta, a ajiye takardun asibiti. Ku kuma masu bi da Allah ya sa ku a kan leburori, ku karanta Yakubu sura 5, ku tuna kukan ma'aikaci yana kaiwa kunnen Ubangiji Mai Runduna.

Ɗan'uwanmu yana cikin wata na biyar yanzu. Yana tafiya ba sanda, bai koma lodi ba, ba mu kuwa san ko gurbinsa zai jira shi ba. Ran nan ya zo da damuwa, ya ce tun da aka yanki jijiya daga gaban gwiwarsa ba ya iya durƙusawa, ko Allah yana karɓar addu'ar wanda yake zaune a kujera? Muka ce masa Yakubu da ɗingishi ya bar Feniyel, amma da albarka ya bar ta. Ubangiji zuciyar da ta durƙusa yake dubawa.

Kai mai karatu, in wani abu ya tsinke a cikinka, kada ka ɓoye shi da ɗauri, kawo shi wurin Babban Likita yau. In an riga an yi maka aiki, kada ka ruɗu don zafi ya tafi. In kuwa ƙafafunka biyu lafiya suke, duba bencin da yake kusa da kai ran Lahadi, ka ga wane ne yake ɗingishi.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, kai da ka haɗa ƙashi da jijiya tun muna cikin uwayenmu, ka dubi bayinka da suke kwance da ciwo, da waɗanda suke fita aiki a Bompai da Sharaɗa da Challawa kowace safiya. Ka tsare fitarsu da shigarsu. Ka ba likitoci hikima, ka ba majinyata haƙuri, ka ba ekklesiyarka hannu mai bayarwa. Ka komo da waɗanda suka faɗi, ka riƙe su har su tsaya daram. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.