Sa'ad da Aka Cire Iyaka

Masu karatu, a ƙasar Amurka akwai wani wasan caca na karta wanda a ke kira foka. Ba domin mu koya wa kowa caca mu ke ba da labarinsa ba. Amma akwai wata tambaya a cikinsa wadda ta shafi kowannenmu, ko da bai taɓa riƙe karta ba. Ga tambayar: idan mutum ya daɗe bai faɗi ba, halinsa ne ya tsare shi, ko kuwa shingen da aka yi masa?

Ga yadda wasan ya ke. Karta 52 ce. A irin wanda ya fi yaɗuwa, a kan ba kowa biyu a ɓoye, a shimfiɗa biyar a tsakiya domin kowa. Wajen sa kuɗi kuwa, hanya biyu aka fi sani. Ta fari mai iyaka ce. An yanka abin da mutum zai sa, misali dala 2 da fari, dala 4 daga baya, ba shi da ikon wuce wannan a sawa ɗaya. Ta biyu ba ta da iyaka. Duk sa'ad da layi ya zo kansa, mutum yana iya tura dukan kuɗin da ke gabansa.

Bari mu yi lissafi. A ce akwai dala 20 a tsakiya, abokin wasa ya ƙara 4. Wanda ya biya 4 ya bi shi, ko sau ɗaya ya ci cikin bakwai, bai yi hasara ba. Saboda haka kuskure yana da araha a wurin. Amma inda babu iyaka, abokin wasa yana iya ƙara 20, sai mai bi ya ci sau ɗaya cikin uku kafin ya mai da kuɗinsa. Yana kuma iya tura 200. Halin bin kowace karta, wanda dā ya kan ci wa mutum 'yan daloli kaɗan, yanzu sai ya cinye ribar wata guda cikin minti ɗaya. Mutumin bai sāke ba. Shingen ne aka cire.

A shekara ta 2003 wani akanta mai suna Chris Moneymaker ya ci babbar gasar foka ta birnin Las Vegas, wadda ba ta da iyaka, ya sami dala miliyan 2.5. Mutum 839 suka shiga a shekaran nan. A 2006 sun kai 8,773. Mutane da yawa suka bar ƙaramin wasa suka koma babba. Me gwanayen wasan su kan faɗa musu? Su kan ce, kada ka kawo dukan dukiyarka teburi. Ka san inda za ka tsaya tun ba ka zauna ba. In ranka ya ɓaci, ka tashi. Ashe ko masu caca sun sani, wanda ya fita daga iyakar da aka sa masa, tilas ya sa wa kansa wata.

Gwaninta kuwa ba ta iya yin wannan aiki. Stu Ungar ya ci gasan nan sau uku, a 1980, da 1981, da 1997. Da wuya a sami wanda ya fi shi sanin karta. Duk da haka caca da miyagun ƙwayoyi suka cinye abin da ya samu. Ya mutu a 1998 a wani ƙaramin masauki a Las Vegas, kusan hannu wofi. Ya iya karanta zuciyar abokan wasansa, amma bai iya mallakar tasa ba.

Wani zai ce, to, ƙaramar caca ba laifi ke nan. A'a. Abin da ka ci, daga aljihun maƙwabcinka ya fito, ko ƙanƙane ne ko babba. Iyaka ba ta tsarkake kwaɗayi, jinkirta ɓarnarsa kawai ta ke yi. Kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne.

Wani kuma zai ce, ashe gara mu zauna a bayan shinge har abada. Wannan ma ba daidai ba ne, gama dole yaro ya yi girma. Saurayi zai bar gidan ubansa ya tafi birni inda ba mai ganinsa. Wanda ya saba riƙe kuɗin cefane, wata rana za a sa shi ma'ajin ekklesiya. Ran nan ne za a san ko amincinsa nasa ne, ko kuwa rashin dama ne kawai.

Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka yi fahariya da shekarun da ka yi ba ka faɗi ba. Ka tambayi kanka, mene ne ya riƙe ni? Idan idon mutane ne, ko ƙarancin abin hannu, to, ka soma koyon kamewa tun yau, tun kuskure yana da araha. Gama rana tana zuwa da ba wanda zai ce maka, ya isa, sai kai da kanka.