Mako Biyu da Fara Koyo, Sai Karɓar Kuɗin Mutane?

Sana'ar tsara shafin intanet ta shiga bakin samarinmu a nan Sabo. Daga teburin mai shayi zuwa bakin shagunan canji, sai ka ji wannan ya ce yana koyo a YouTube, wancan ya shiga freeCodeCamp, wani kuma ya cike fom ɗin 3MTT, shirin da gwamnatin tarayya ta fito da shi a 2023 don koya wa matasa miliyan uku sana'o'in kwamfuta. Tallan da ke yawo a WhatsApp kuwa kowanne da nasa alƙawarin: ko ba ka taɓa riƙe kwamfuta ba, mako biyu ka zama gwani. Mun yi murna da wannan motsi, don ya fi zaman kashe wando nesa ba kusa ba. Sai dai akwai tambayar da gara mu yi wa junanmu tun ba ta je gaban Sarkin Hausawa da sunan ƙara ba. Yaron da ya yi mako biyu yana koyo, ya halatta ya karɓi kuɗin mutum ya ce zai yi masa shafi?

Mu fara ba masu tallan haƙƙinsu, ba duka maganarsu ce ƙarya ba. HTML, wato ƙashin da ake ɗora shafi a kansa, yaro mai kai yana gane shi cikin 'yan kwanaki. CSS da ake yi wa shafin ado da launi da shi ba ya wuce haka da yawa, JavaScript ne ke ɗan ja. Ga kuma WordPress, wadda ta fito tun 2003, yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke. Ka ɗauki shiryayyen zubi, ka sauya hotuna da rubutu, kafin la'asar ga abu ya fito tsaf kamar na banki. Saboda haka dattawan da ke cewa duk abin da aka koya da sauri banza ne, a nan kam ba mu tare da su. Ai ko shekarun da yaro kan yi a shagon tela, rabinsu a aike da share shago suke tafiya, don keken ɗinkin ɗaya ne kuma maigida na kai.

Inda gizo ke saƙar shi ne, aibin ɗinki a fili yake. In wuyan riga ya karkace, mai ita zai gani ranar da ya fara sawa, ya dawo ya yi faɗa, a gyara. Aibin shafin intanet kuwa a ɓoye yake kwana, wani lokaci sai shekara ta zagayo. Sunan shafi haya ce, duk shekara ake sabunta ta, ko mai ƙarewa da .com ne ko namu na .ng da NiRA ke kula da shi. Masaukin da shafin ke zaune a kai shi ma haya ne. To in yaron ya yi rajista da nasa imel da nasa katin banki, sannan ya koma Legas ko wayarsa ta ɓata, wa zai biya? Wa'adi ya cika, shafi ya mutu, bayan ɗan lokaci kowa na iya sayen sunan, alhali yana nan rubuce a allon shago da jikin leda. WordPress da ƙananan manhajojin da ake maƙala mata suna son sabuntawa a kai a kai, in an bar su 'yan kutse su samu ƙofa. Zubin kuɗi da ake saukewa kyauta ta bayan fage sau da yawa da ɓarawo a cikinsa yake zuwa. In an haɗa biyan kuɗi ta Paystack ko Flutterwave, asusun wa kuɗin ke faɗawa? Lambobin waya da adireshin masu saye da shafin ke tarawa, wa ke tsaronsu, tunda tun 2023 ƙasar nan na da dokar kare bayanan mutane? Alhaji mai goro ba zai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Shi dai ya ga hoton shagonsa a waya, ya ce madalla, ya biya.

Nan ne maganar ta yi wuya. Ha'inci sai da niyya, yaron nan kuwa sau da yawa bai yi nufin cutar kowa ba. Shi kansa bai san akwai waɗannan ramuka ba, bidiyon da ya kalla bai kai wurin ba. Ta yaya za a ce ya ɓoye aibin da bai san da shi ba? Mun daɗe muna juya wannan, kuma ga inda muka tsaya. Akwai abu guda da ba zai ce bai sani ba, wato ranar da ya fara koyo. Ya san mako biyu ne. Ya san bai taɓa riƙe shafin kowa har shekara ta zagayo ba. In ya rufe wannan, ya buga kati ya kira kansa ƙwararre, ko ya nuna wa Alhaji ayyukan wasu ya ce nasa ne, to ya ɓoye ainihin abin da Alhaji ke buƙata don ya yanke shawara a kan kuɗinsa. Jahilcinsa uzuri ne, ɓoye ƙuruciyarsa a sana'ar kuwa da gangan ya yi.

Wannan ba sabon hukunci ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna a zaure aka biya masa babin ciniki a Risala ya ji cewa mai sayarwa ba ya ɓoye aibin haja, ya kuma ji cewa masu sana'ar hannu suna ɗaukar lamunin kayan da aka bar musu in sun salwanta a bayan idon mai su. Malaman Malikiyya sun ɗora wannan nauyi a kan wanda ya kafa kansa yana karɓar aikin jama'a. Ranar da ka kafa allo, ranar nauyin ya hau kanka, ko jiya ka fara.

Samari za su ce, kuma da gaskiyarsu: in na ce ni ɗan koyo ne wa zai ba ni aiki? In ba a ba ni aiki ba yaushe zan iya? Amsar tana cikin tarihin unguwar nan. Tun da aka kafa Sabo a 1916, shanu na zuwa daga arewa goro na tafiya can, kuma yawancin cinikin a kan bashi yake. Baƙon da ya kawo shanu bai san mahautan Ibadan ba, su ma ba su san shi ba. Maigida ne ke tsayawa a tsakani, in mahauci ya ƙi biya shi za a kama. Yaron da ke koyon dillanci a ƙarƙashinsa yake fara shiga kasuwa, ana ganinsa ana ganin wanda ya tsaya masa. Ɗan koyon shafi ma abin da ya rasa ke nan. Ya fara da aikin da kuɗin mutane ba sa bi ta cikinsa, shafin Islamiyyar layinsu ko na ƙungiyar ƙwallo. In ɗan kasuwa ya zo, ya buɗe baki ya ce: "Baba, wata biyu ke nan da na fara. Zan yi maka a kan rabin kuɗi, wane zai duba min kafin in miƙa. Da sunanka za a yi rajista, ga kalmomin sirri na rubuta maka a takarda, kuma duk shekara akwai kuɗin haya kaza." Wallahi dattijon da ya ji wannan ya san ya samu yaron kirki, ko bai ba shi wannan aikin ba zai tuna da shi.

Masu ba da aikin ma akwai nasu. Wasu iyayenmu 'yan kasuwa aikin gwani suke so a farashin ɗan koyo, in ma sun biya. Sai ka ji an ce ai ɗan gida ne, a sa masa albarka kawai, kamar albarka ce ke sayen data da man janareto. Wani kuma yaro ya gaya masa gaskiya ya raina shi, ya ɗauki aikin ya ba mai cika baki da turanci. Wanda ya yi haka shi ya koya wa na farkon cewa gobe ya yi ƙarya.

Kada kuma mu manta inda muke zaune. Mutumin Dugbe ko Gbagi yana kawo dalarsa Sabo ya canza ba tare da takarda ba, saboda sunan da iyaye suka yi shekara da shekaru suna ginawa. Ranar da shafin shagon wata Bayarabiya ya ɓace da kuɗin masu saye a ciki, ba sunan yaron za ta riƙe ba, cewa za ta yi Hausawan Sabo ne suka yi mata.

Yanzu kuma ga ChatGPT da ire-irensa, suna rubuta wa yaro shafi sukutum cikin minti biyar, mako biyun ma ya zama dogon zango. Amfani da su ba laifi ba ne, amma wanda bai iya karanta abin da na'ura ta rubuta masa ba, ranar da ya lalace sai dai ya kashe waya. Muna da 'yan unguwa da suka yi shekaru a wannan aiki, wasu a nan Ibadan wasu a Legas. Da ƙungiyar matasa za ta roƙe su zaman awa biyu duk Asabar, ko ta waya ce, kowane ɗan koyo ya kawo aikinsa a duba kafin ya miƙa wa mai shi. Abu na farko da za a tambaye shi: da sunan wa ka yi rajistar shafin, kuma wace rana hayar za ta ƙare?