Ko Zunubi Ne Gwauruwa Ta Kai Ƙara?

Akwai wata tambaya da aka yi mini a Babbar Kasuwar Kaduna, a bakin wani shago rufaffe. Amsar da na bayar ran nan ta daɗe tana damuna, shi ya sa na ke so in kawo ta gabanku mu duba tare.

Wanda ya san Kaduna ya san kasuwan nan da ke kan titin Ahmadu Bello, wadda aka sa wa sunan Sheikh Abubakar Gumi bayan rasuwarsa a 1992. Tun tashin hankalin shekarar 2000 masu bi da yawa suka kwashe suka koma kudancin kogi, su Sabon Tasha da Narayi, amma cinikin waɗansu ya zauna a arewa. Da safe su haye gada, da yamma su sake hayewa. Cikinsu har da wani ɗan'uwa na ekklesiyarmu da matarsa, masu sayar da atamfa da yadi. Shekara 14 suna shago ɗaya. Shi ya kan tafi Kantin Kwari a Kano ya saro kaya, ita ce ke zama ta sayar, ita ce kuma ke riƙe da littafin bashi. 'Ya'yansu huɗu, mata uku da auta namiji. Ciwon kwana kaɗan ya ɗauke maigidan.

Ba a tashi daga zaman makoki ba sai wan mamacin ya zo daga ƙauye. Ya karɓi mabuɗi wai zai duba kaya. Ran da matar ta koma kasuwa ta iske sabon kwaɗo a ƙofa. Ya ce mata shagon na ƙanensa ne, saboda haka na gidansu ne. Yaran ma nasu ne. Ita kuwa aure ya kawo ta, gobe aure ya ɗauke ta. Ya ɗauki autan ya tafi da shi. Mutumin nan fa ba arne ba ne. An yi masa baftisma, yana cin Jibin Ubangiji a ekklesiyarsu.

A nan na same ta tsaye. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, in na kai ƙara kotu, na yi zunubi?" Ni kuwa ban ko yi tunani ba na ce, "'Yata, yi haƙuri, ki bar wa Allah. Ba ki san abin da Bulus ya rubuta wa Korintiyawa ba?" Ta ce, "To, Baba." Ta ɗaure gyalenta ta tafi. Na koma gida ina ganin na yi aikin dattijo.

Da dare na buɗe Korintiyawa ta fari sura 6 domin in tabbatar wa kaina, sai na ga rabin maganar na faɗa mata. Gaskiya ne manzo ya tsawata wa masu bi da ke jan junansu gaban mahukunta na waje. Amma kunyar da ya ba su, ekklesiya duka ya ba, domin an rasa mutum ɗaya mai hikima a cikinsu da zai iya raba gardama tsakanin 'yan'uwa. A wurin nan kuma ya juya kan masu cuta da zamba ga 'yan'uwansu, ya gargaɗe su da zafi game da mulkin Allah. Ashe surar da na ɗora wa gwauruwa a ka ta fi nauyi a kaina, ni dattijon da bai zauna ya raba gardama ba, ta kuma fi nauyi a kan mai kwaɗon. Mu kan ɗauki aya mu ba marar ƙarfi, domin shi ne zai ce "to" ya tafi. Mai ƙarfi zai yi mana musu, mu kuwa ba mu son musu.

Wani zai ce, ai Ubangiji ya koya mana mu sakar wa mai ƙwace fiye da abin da ya nema. Haka ne, ba na kuwa so in rage ko ɗigo a cikin wannan koyarwa. Amma ku lura da abu guda. Mutum yana da iko ya yi kyauta da rigarsa. Ba shi da iko ya yi kyauta da rigar da aka ba shi ajiya. Da matan nan ita kaɗai ce, ta ce ta yafe shagon saboda sunan Yesu, da sai mu yi mata godiya mu kuma ɗauki nauyin cinta. Amma a cikin shagon akwai kuɗin makarantar yara huɗu, akwai tuwonsu, akwai maganinsu. Ita mai riƙon amana ce. In ta yi shiru, ba nata kaɗai ta yafe ba, ta yafe na marayu waɗanda ba a tambaye su ba. Haƙurin da ni na ce ta yi, cikin yaran ne zai biya kuɗinsa.

Littafi Mai Tsarki kuwa bai ɗauki neman hakki a gaban mahukunta abin ƙyama ba. 'Ya'yan Zelofehad mata biyar sun tsaya gaban Musa da dukan taro a kan gadon ubansu da ya mutu ba ɗa namiji, Ubangiji kuma ya gaskata su, har abin ya zama doka a Isra'ila, kamar yadda ya ke a Littafin Lissafi sura 27. Bulus ɗin nan da kansa, da ya ga za a bashe shi ga masu neman ransa, ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Sa'ad da Yesu ya so ya koya mana naciya cikin addu'a, gwauruwa mai sintiri wurin alƙali ya ɗauko ya yi misali da ita, bai kuwa aibata ta ba.

Bari in yi wa wan mijin adalci, gama ba daga sama ya samo maganarsa ba. A ƙauyukanmu, a al'adun kabilu da yawa, gona ba ta fita daga dangi, 'ya'ya kuma na gidan uba ne. Kakanninmu ba mugaye ba ne da suka shirya haka. Wanda ya gaji gonar ƙanensa ya gaji bakunan da gonar ke ciyarwa. Shi zai cika rumbun gwauruwa, shi zai yi wa yara aure. Gado da nawaya tare su ke tafiya, kamar jaki da mangala. Abin da ya faru a birni shi ne an kwance mangalar an yar, an hau jakin. Mutum ya kama shago ya ce al'ada, a ce masa kuɗin makaranta ya ce zamani ya yi wuya. Akwai kuma tsoron da dangi ke ji na gaske: gwauruwa ta sake aure, sabon miji ya cinye dukiyar marayu. Na ga an yi haka, ba sau ɗaya ba. Amma maganin wannan a rubuta abin da ke na yara, a sa shaidu, a riƙa duba lissafi. Kada don gudun ɓarawon gobe a yi sata yau.

To, me dokar ƙasa ta ce? Ya kamata kowane dattijon ekklesiya ya san kaɗan daga ciki, domin jahilcinmu yana cutar mutane. Tun 2001, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, Jihar Kaduna ta tsara kotuna yadda Musulmi ke da Kotun Shari'a, masu bin al'ada ke da Kotun Gargajiya, ga kuma Majistare da Babbar Kotu. Inda maganar mutum za ta tafi ya dogara ƙwarai ga irin auren da ya yi. Nan ne da yawanmu ke tuntuɓe. A ƙarƙashin Dokar Aure ta 1914, sai an sa sanarwa wurin magatakardan aure ta yi kwana 21, an karɓi takardarsa, an ɗaura auren a majami'ar da ke da lasin gaban shaidu, kafin ya zama auren doka. In ba a bi wannan hanya ba, ko an sa farar riga an yanka sa, a idon kotu albarka aka sa wa auren gargajiya, al'ada ce kuma za ta yi magana a kan gado. 'Yar'uwan nan tamu ta kawo takarda mai hoton zobe da kurciya, ta ajiye ta shekara 14 a ƙasan akwati, ashe ta majami'a ce kaɗai.

Amma ko al'adar ma ba a bar ta ta yi yadda ta ga dama ba. A watan Afrilu na 2014 Kotun Ƙoli ta yanke shari'a biyu da suka shafi wannan. A ta Ukeje, ta ce al'adar da ke hana 'ya mace gadon ubanta ta saɓa wa sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya hana nuna bambanci. A ta Anekwe da Nweke, ta ƙi al'adar da ke korar gwauruwa daga gidan mijinta don ba ta da ɗa namiji. A kan al'adun Ibo aka yi shari'un nan, amma Tsarin Mulki ɗaya ne har Kaduna. Game da riƙon yara kuma, dokar sakin aure ta 1970 ta ce amfanin yaro ne kotu za ta sa gaba da kome. A 1989, a shari'ar Okwueze, Kotun Ƙoli ta nuna ko a auren gargajiya ba za a miƙa yaro ga gidan uba ido rufe ba in hakan zai cuce shi. Dokar Hakkin Yara ta 2003 ta bi wannan hanya, Jihar Kaduna kuma ta yi tata a 2018. Wannan bai yi nisa da hukuncin Sulemanu ba, wanda ya gane uwa ta gaske ta wurin wadda ta fi son ran yaron bisa cin shari'a.

Wani abu ya ƙara ba ni kunya. Maƙwabcin shagon, wani Alhaji mai sayar da shadda, shi ya fara ce mini, "Malam, ku ba ku da rabon gado ne?" Ya lissafa mini nasu da yatsa: matar mamaci tana da tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, 'ya mace tana da rabin na ɗa namiji, wasiyya ba ta wuce sulusi, ɗan'uwa kuwa ba ya samun kome in akwai ɗa namiji. Ba ina cewa mu ɗauki lissafinsu ba, su ma kuma akwai masu danne hakki a cikinsu. Amma gwauruwarsu ta san abin da za ta tambaya. Mu da mu ke wa'azin ƙauna, tamu ba ta san ko za a bar mata tukunya ba.

Kada wani ya ji wannan ya ce na buɗe wa kowa ƙofar kotu. Uban Gladys Ukeje ya mutu a 1981, ba a gama shari'arta ba sai 2014. Shekara 33 ke nan. Shago ba ya jiran haka. Atamfa ta kan tsufa a kan kanta, masu bashi su ɓace, lauya ya ci nasa. Zumunci kuma in ya je gaban alƙali da wuya ya dawo da ƙafafunsa biyu, yaran nan kuwa suna bukatar dangin ubansu. Akwai kuma ƙarar da kwaɗayi ke kaiwa. Mutumin da ya roƙi Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi, a Luka sura 12, bai sami rabo ba, gargaɗi a kan kwaɗayi ya samu. Saboda haka mai kai ƙara ya bincika zuciyarsa: abincin yara ya ke nema, ko ya ga ɗan'uwa a ƙasa? Ga abin da na tsaya a kai. Gwauruwa ta fara kawo kukanta ga ekklesiya. In ekklesiya ta zauna ta yi gaskiya, mai ƙwace ya ƙi ji, ko kuwa ekklesiyar ta ƙi zama, to, ta tafi kotu ba tare da nauyin zuciya ba, dattijo ɗaya kuma ya raka ta. Laifin zuwan yana wuyan waɗanda suka tura ta.

Ku maza masu shago da gida, ku ma da sauran magana a kanku. Mu kan ji tsoron rubuta wasiyya sai ka ce rubutun ne ke kiran mutuwa, alhali kowace Lahadi muna shaida cewa ba mu tsoronta. Abin ba wuya: ka rubuta, ka sa hannu gaban shaidu biyu suna tare, su ma su sa hannu, kada kuwa shaidun su zama cikin masu cin gadon. Ka duba takardar aurenka ko ta magatakarda ce. In matarka ce ke zaman shago, sunanta ya shiga takarda tun kana da rai.

Ba ni ne na gyara kuskurena ba, Zumuntar Mata ce. Su suka zo gaban dattawa su goma sha biyu, suka ce ba za su tashi ba sai an sa ranar zama, suka tuna mana yadda manzanni suka zaɓi mutum bakwai saboda kukan gwauraye. Muka rubuta wa ekklesiyar wan mijin, aka haɗu sau uku. Sau biyu ya ƙi. A na uku pastonsa ya gaya masa a fili za a dakatar da shi daga Jibin Ubangiji, mu kuma muka ce in ta tafi Kotun Gargajiya za mu tafi tare da ita da littafin bashin da ke da rubutun hannunta. Sa'an nan ya fito da mabuɗi. Wata biyar sun wuce, wajen rabin kayan babu, bai kuwa ba da lissafinsu ba. An rubuta yarjejeniya cewa shagon na yara ne, uwarsu ke riƙo, mutum ɗaya daga dangi da ɗaya daga ekklesiya za su duba littafi kowace shekara.

Na je kasuwa na roƙe ta gafara a kan amsar da na ba ta. Ta ce, "Ba kome, Baba," ta ci gaba da auna yadi. Autan dai har yanzu yana ƙauye. Sun ce za su kawo shi bayan girbi, mun kuwa sa ranar da mu biyu za mu tafi ɗauko shi in ba su kawo ba.