Wa Ke da Ikon Yafe Jinin Mamaci?

Tun da na kalli fim ɗin Indiya mai suna Kai Po Che, wanda Abhishek Kapoor ya ba da umarninsa a shekarar 2013, wata tambaya ta hana zuciyata sakat: idan wanda aka zalunta ya riga mu gidan gaskiya, wa ya rage da ikon cewa an yafe?

Labarin na wasu aminai uku ne a birnin Ahmedabad na jihar Gujarat, wato Ishaan da Omi da Govind, waɗanda suka haɗa hannu suka buɗe shagon kayan wasanni. Ishaan ya ɗauki wani yaro Musulmi mai suna Ali yana koya masa wasan kurket. A shekarar 2002 iyayen Omi suka rasu a jirgin ƙasan da aka ƙona a Godhra. Baƙin ciki ya rufe masa ido, ya shiga tarzomar ramuwar gayya riƙe da bindiga, harsashinsa kuwa ya faɗa kan Ishaan, wanda ya tsaya kare Ali. Bayan shekaru a kurkuku, Govind ne ya zo ɗaukarsa, ya kai shi gaban Vidya, ƙanwar mamacin, ita kuma ta karɓe shi yana zubar da hawaye.

Da farko wannan ƙarshe ya ɓata mini rai. Na ce ai rai na Ishaan ne, yaya wasu za su yi kyauta da abin da ba nasu ba? Daga baya na fahimci cewa kisa ɗaya yakan bar hakki biyu. Akwai hakkin wanda ya tafi, wannan babu mai taɓa shi a duniya. Akwai kuma hakkin waɗanda aka bari da maraici, su ne ke kwana da raunin su tashi da shi. Abin da Vidya ta yafe nata ne: rashin yayanta da shekarun da ta yi tana kewarsa. Ko a shari'ar Musulunci magadan wanda aka kashe ne ake bai wa zaɓi tsakanin ƙisasi da afuwa.

Akwai kuma abin lura game da Govind. Shi ma ya ɓoye wa Ishaan soyayyarsa da Vidya, asirin ya tonu ana dab da musibar, Ishaan ya mutu ba su daidaita ba. Ke nan wanda ya je ƙofar kurkuku yana ɗauke da bashin da ba shi da wurin biya. Ina ganin wannan ne ya tausasa zuciyarsa, domin wanda ya san zafin neman gafarar da ba za ta samu ba, da wuya ya hana ta ga wani.

Sai dai yafiyar ta zo ne bayan hukunci da nadama. Da an rungumi Omi tun jinin bai bushe ba, da an wulaƙanta mamacin. Bayan an yafe masa ma laifin bai gushe ba: Govind da Vidya sun raɗa wa ɗansu suna Ishaan, sunan da Omi zai riƙa ji har ƙarshen rayuwarsa.

Ni ma akwai aminin da na juya wa baya shekaru masu yawa kan maganar da ba ta kai ta kawo ba. Yana raye, don haka hakkin da ke tsakaninmu har yanzu a hannunmu yake, ni da shi.